Fitilar da Kawu Ke Saukarwa Rijiya

Kawu ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa, bayan ya kurɓi kunu sau uku ya ce ya isa. Daga Allah muka zo, can kuma za mu. Yayan mahaifiyata ne, maginin rijiya tun kafin a haife ni. Na zauna rubuta wannan ne don na lura mutum irinsa saurin ɓacewa yake yi, aikinsa duk a ƙarƙashin ƙasa yake. Nan da shekara ashirin yara za su ja guga su sha, ba wanda zai tambayi wa ya gina.

Kafin rana ta take tsaka layinmu ya cika da babura. Abin da ya ba ni mamaki, masu zuwa gaisuwa ba sunansu suke faɗa ba, rijiyarsu suke faɗa. Wani ya durƙusa a zaure ya ce, "Mu ne na rijiyar gindin tsamiya, bayan kasuwa." Wata tsohuwa ta shigo ta ce, "Ni ce mai rijiyar nan mai zurfin gaba goma sha biyu, wadda ya sha fama da dutse." Wata kuma daga Gayam aka goyo ta da jarka a cinya, ta dire ta gaban matar Kawu, ta ce ruwan rijiyarsa ne, a haɗa da shi a yi masa wanka.

A waje, kan wani dutse nesa kaɗan da tabarmin maza, abokin aikin Kawu na zaune. Dattijon Gbagyi ne, Kirista, sun yi shekara talatin tare, in ɗaya na rami ɗaya na riƙe da igiya. Hannuwansa na rawa a kan gwiwa, amma ba rasuwar ce ta sa su ba, sun daɗe suna yi.

Cikin gida kuwa, ƙarƙashin salati da kuka, tambaya ɗaya ce ke yawo daga kunne zuwa kunne: "Ya janye kuwa?" Maƙwabciya ta tambayi mahaifiyata, mahaifiyata ta tambayi matar Kawu, ita kuma ta buɗe hannu ta ce, "Ni dai ban ji ba."

Ga abin da ake tambaya. Shekara bakwai ke nan da Kawu ya ɗora wa babban ɗansa magana a gaban mutane. Ya ce, "Ban yarda ka sake shiga ramin da ya wuce gwiwarka ba, na rijiya ne, na zinare ne, na masai ne, sai ranar da na ce." Duk wanda ya tashi a Birnin Gwari ya san nauyin irin wannan. In uba ya janye, magana ta mutu. In kuwa ya rasu bai janye ba, ta zauna ke nan, babu malamin da zai cire ta daga zuciyar ɗa. Ɗan nan taubashina ne, mun tashi muna tsokanar juna, kuma ko maƙiyinsa ya san a ƙasar nan babu mai hannunsa a rami bayan ubansa. Shekara bakwai yana dakon buhunan masara a kasuwa. Ran nan yana tsaye a bakin zaure, yana amsa gaisuwa, bai san ko shi magini ne ko ɗan dako ba.

Zan dawo kan wannan safiyar. Bari in fara da mutumin.

Kawu tambaya gare shi, wallahi har ta gundure ka. Ya taɓa tsare mai gyaran waya daga la'asar har aka kira magariba, yana so ya san ta ina murya ke shiga. Ya tambayi malamin dabbobi me ya sa saniya ke tuƙa amma jaki ba ya yi. Direbobin hanyar Kaduna in sun hango shi a tasha sai su shige ƙarƙashin mota, shi kuwa ya durƙusa ya bi su da tambayar me suke dubawa. Amma fa kai ka tambaye shi abu. Amsarsa ɗaya ce, "Kalli hannuna." Haka ya koya a wurin ubansa, haka ya koyar. Zai ɗebo ƙasa daga rami ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce a matsa taku bakwai gabas. Me ka ji a ƙasar, Kawu? Kalli hannuna. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, tun ina yarinya nake ce masa hannun ba ya magana.

Rijiyoyinsa ya ɗauke su kamar 'ya'yan da ya aurar. Duk bayan damina sai ya hau keke ya zaga su, ba wanda ya kira shi. Ya leƙa, ya sa a jawo masa ya sha, ya yi faɗa in ya ga an bar bakin a buɗe. Ya taɓa ƙaurace wa wani mai unguwa shekara guda cur saboda ya bari an gina masai kusa da rijiya. Da aka cike masan, shi da kansa ya je da shebur ya taya.

Sai kuma fitila. Kafin kowa ya sa ƙafa a rijiya, sabuwa ko tsohuwa, Kawu zai kunna 'yar aci-balbal ɗinsa, ya zaunar da ita cikin gwangwani, ya saukar da igiya a hankali yana leƙe. In ta kai ƙasa tana ci, a shiga. In ta mutu, ba ya cewa uffan. Sai ya sari reshen dogon yaro mai ganye, ko ya buɗe tsohuwar laima, a ɗaura a yi ta saukarwa ana jawowa har hannu ya gaji, sannan ya sake kunnawa. Mun ga wannan sau ɗari muna yara. Ban taɓa jin ya faɗi dalili ba.

Shekarar da abin ya faru Kawu ya tafi ɗaurin aure Zariya. Mutanen wani ƙauye kusa da Gayam suka zo, akuya ta faɗa rijiyarsu ta kwana biyu, suna so a yashe. Taubashina ya karɓi aikin, ya tafi tare da abokin Kawu. Lokacin ne tocilan goshi masu caji suka cika kasuwa, shi ma ya sayi tasa, yana ji da ita. Dattijon ya tafi gaida mai gari. Kafin ya dawo, gogan ya ɗaura tocila a goshi, ya ba mutanen gari igiya, ya sauka. A ganinsa me zai yi da aci-balbal mai hayaƙi, ga haske kamar rana?

Dattijon ya leƙa ya ga tocila na ci tar a ƙasa, mai ita kuwa ko motsi. Suka ja igiya ta taho babu nauyi, ashe yaron ya kwance ta da ya isa ƙasa. Tsohon nan ya ɗaura ta a ƙugu, ya cika ƙirji da iska, ya sauka. Ya kwance daga jikinsa ya ɗaura wa yaron abokinsa, aka jawo shi, shi kuma ya tsaya a ƙasa yana jiran igiya ta dawo. Allah ya sa ya iya rataya ta kafin ya faɗi. Dukansu sun farfaɗo. Taubashina ya warke sarai, amma dattijon tun ranar hannuwansa ke rawa, kuma wani lokaci kalma takan ɓace masa a tsakiyar zance. Bai sake riƙe igiya ba. Kawu ya dawo, ya je ya duba abokinsa, ya fito, ya faɗi maganar da ya faɗa.

An yi roƙo har an gaji. Limamin unguwa ya je, mahaifiyata ta yi kuka, shi kansa dattijon ya ce ya yafe tun a bakin rijiya. Kawu sai ya juya zance ya tambayi liman yadda ake gane shigar azahar in akwai hadari.

Ni aikina a Kaduna ne, a wani ofis da ke duba lafiyar ruwa, madatsai da kududdufan masu kiwon kifi. Bara waccan aiki ya biyo da ni ta gida, na kwana biyu, da na'urar aiki a jakata. Kamar tsohuwar wayar hannu take, da doguwar igiyar roba, a ƙarshenta wani abu kamar kan alƙalami mai kauri. Ina goge ta a tsakar gida Kawu ya shigo. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, wannan kuma me take ci?"

"Ba ta cin komai, Kawu. Oksijin take aunawa."

"Wane ne shi?"

Na ce masa a cikin iskar nan da muke shaƙa, kashi ɗaya ne cikin biyar ke riƙe rai. Shi wuta ke ci, shi jini ke ɗauka, shi kifi ke nema a ruwa. Sauran rakiya suka yi. Kawu ya jawo turmi ya kife ya zauna, na san yau babu zuwa ko'ina.

Na nuna masa kan na'urar. Akwai ɗan murfi, a cikinsa an ɗiga wani rini, bai kai ƙwayar wake ba. Daga ciki wata 'yar fitila na haska shi da shuɗin haske, ƙyal, ƙyal. Duk sanda aka haska shi sai ya mayar da jan haske, ya ɗan jima yana yi kafin ya dushe, kamar garwashi. To oksijin in ya taɓa rinin, kashe wannan jan hasken yake yi. In yana da yawa a wurin, nan da nan hasken ya mutu. In ya yi ƙaranci, sai hasken ya daɗe. Na'urar ba komai take yi ba illa auna wannan ɗan lokacin, ta juya shi lamba.

Can ya ce, "Tsaya. Tawa in babu shi take mutuwa. Taki in yana nan take saurin mutuwa."

"Haka ne."

"Tawa tana cinye abin da take aunawa. Taki fa?"

"Ba ta taɓa shi."

"To wa ya fara tunanin juya abin?"

Na ce ban sani ba. Ya dube ni kamar na zubar da miya. "Shekara nawa kina yawo da ita ba ki tambaya ba?"

A lokacin na gane abin da ban taɓa ganewa ba: ashe mutumin nan ya san sarai abin da fitilarsa ke yi. Sunan abin ne kawai bai sani ba.

Kwana biyun nan na'urar ba ta huta ba. A tsakar gida ta nuna ashirin da ɗaya cikin ɗari, ya ce a je bayan gida a gani ko daidai ne. Ya lulluɓa da bargo da rana tsaka don ya ga shuɗin hasken da idonsa. Ya hura numfashi cikin leda ya cusa ta, lamba ta sauka, ya yi ta dariya har da tari, yana cewa, "Ashe ɓarawo nake, ina sata ina mayar da ragowa." Ya tsoma ta a randa. Ya zura ta cikin rumbun dawa da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya so ya sa ta a bakin akuya, nan na ce a'a.

Washegari na fito wanka na tarar da shi da reza a hannu. Ya kankare rinin, wai yana so ya ga abin da ke ƙarƙashi. Kayan ofis. Wallahi idona ya rufe. Na ce, "Haba Kawu, kai komai sai ka tona? Kai da ko tambaya ɗaya ba ka amsawa, kayan mutane kuma sai ka ga hanjinsu?" Mahaifiyata ta daka mini tsawa, na ɗauki jakata na tafi tasha ko sallama ban yi masa ba. A ofis na sha faɗa, aka sauya murfin. Wata biyu ban kira shi ba. Ran nan sai ga direba da kwalbar zumar daji, da saƙo. Ba haƙuri ya bayar ba, Kawu ba ya ba da haƙuri. Cewa ya yi a tambaye ni me ya sa zuma ba ta ruɓewa, kuma yaushe zan dawo da abar nan, akwai abin da bai gama ba.

Na dawo da ita da rani, da izinin ofis wannan karon, da sharaɗin ba ta barin hannuna. Na tarar ya shirya. Ya samo duro, ya huda murfin wuri biyu, ɗaya ya liƙa ɓallin gilashi don leƙe, ɗaya don igiyar na'ura. Ya kunna aci-balbal ya sa a ciki, muka rufe, ya toshe gefe da laka. Shi yana leƙen wuta, ni ina karanta masa lamba. Ashirin. Sha tara. Sha takwas, wuta ta rage tsawo amma tana ci. Sha bakwai, ta yi ja. Sai a sha shida da ɗoriya ta mutu.

Na ce masa a wurin aikinmu, in lamba ta sauka ƙasa da sha tara da rabi, ba a yarda kowa ya shiga rami ko tanki ba.

Ya maimaita a hankali. Sha tara da rabi. Sha shida. Ya ce, "To tsakanin nan da nan fa, wa ke zaune?"

"Kai ne, Kawu. Shekara arba'in."

Ban yi niyyar ta fito da kaifi haka ba. Bai ji haushi ba, tunani ya shiga. Ya ce akwai ranakun da yake fitowa daga rami kansa kamar zai tsage, ƙafa na harɗewa, ya ɗauka rana ce. Akwai wata rijiya da ya zauna a ƙasanta yana ta dariya ba dalili, har abokinsa ya tsorata ya jawo shi. Sannan ya tambaya ko na'urar tana jin wari. Na ce a'a, oksijin kawai ta sani, akwai mugun tururi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ba ruwanta da shi, kuma yana kisa. Ransa ya ɗan yi sanyi. Ya ce, "To hancina bai yi ritaya ba."

Duk wannan taubashina na gefe. Yakan dawo daga kasuwa da ƙaiƙayi a wuya, ya tsaya nesa yana kallon duro, in uban ya ɗago sai ya shige. Na tsokane shi na ce, "Yaya, zo ka karanta lamba mana, ko boko ma an hana ka?" Ya yi murmushi ya ce buhu ba ya bukatar karatu. Na yi da-na-sanin tsokanar.

A shekarun da daji ya ƙi zaunuwa mutanen ƙauyuka da yawa sun taso sun cika gari, sun bar gidaje da rijiyoyi. Da aka ɗan samu sauƙi suka fara komawa noma, suka tarar da rijiyoyin sun cika da ganye da abin da Allah kaɗai ya sani. Irin waɗannan su suka fi haɗari, ruɓa tana cinye iskar rai a ƙasa. Mutanen wata unguwa a Tabanni suka aiko wa Kawu. Shi ya gina musu rijiyarsu, yanzu matansu na tafiyar awa guda neman ruwa. Gwiwoyinsa sun daina sauka rami, samarin da ya koya wa aiki sun watse ramukan zinare. Ya ce a je a duba kawai. Ya ce ɗansa ya goya shi a babur, goyo kaɗai. Ni na hau bayan wani.

Ya kunna fitila ya saukar, ni kuma na saukar da na'ura kusa da ita. Mutane sun zagaye mu. Fitila ta kai har kan ruɓaɓɓen ganye tana ci, 'yar guntuwa, ja. Wani dattijo a cikinsu ya ce alhamdu lillahi, tana ci. Na karanta, sha bakwai da ɗoriya. Kawu ya daɗe yana leƙe. Ya ce, "Da ina da ƙafa, da na shiga."

Ya zauna a bakin rijiyar. Sai ya juya ya dubi ɗansa, abin da ya daɗe bai yi ba a gaban mutane.

"Kai. Ran nan a Gayam, a tunaninka fitilar ta mece ce?"

Taubashina ya sunkuyar da kai. "Ta gani ce, Baba."

"Ta gani."

"Na ɗauka in ta mutu, duhu ne ya sa ba ka shiga. Reshen kuma na ɗauka yanar gizo da ƙwari kake kora. Ba ka taɓa faɗa mini ba."

Mutumin da ya tambayi kowa komai a garin nan, shekara shida ya yi yana cin tuwo gida ɗaya da wannan amsar bai nema ba. Na ga fuskarsa, na ce yau an gama, yanzu zai ce ɗauki igiya. Har na fara murna. Sai ya miƙe ya kaɗe riga. A tsaye ya yi wa mutanen Tabanni bayanin da bai taɓa yi wa kowa ba, abin da fitila ke nufi, abin da reshe ke yi, me ya sa tocila ba ta gaya maka komai. Ya ce kada wanda ya shiga. Sannan ya ce, "Mu tafi." A hanya ban yi masa magana ba, don in na buɗe baki ba daɗi za a ji ba.

Da damina ta ja baya ƙirjinsa ya kama. Aka kwantar da shi a asibiti, na taho. Na same shi an maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai jan haske, ya riga ya ishi ma'aikatan jinya. Yana ganina ya ɗaga yatsan. "Uwata, wannan 'yar uwar waccan ce?" Na ce dangi ne, duk da haske suke aiki, amma wannan launin jini take kallo ta cikin yatsa, don jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi ja. Ya gwada ta a yatsunsa goma ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada a nawa. Da ɗansa ya shigo da kwanon abinci, ya ce ya miƙo hannu, ya maƙala masa, ya jira lamba ta tsaya. Ta ɗan nasa ta fi tasa nesa. Ya ce, "Naka a cike yake." Ya riƙe hannun ya ɗan jima, yana duba kantar buhu a tafin. Sannan ya saki ya ce a zuba masa kaɗan.

Da muka rage mu biyu na kasa daurewa. Na ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah. Ka san yanzu ba shi kaɗai ke da laifi ba. Kalma ɗaya ce fa."

Ya ce, "Na sani. Laifin ma nawa ya fi."

"To me kake jira?"

"Uwata, ba ke aka cuta ba. Ba ni aka cuta ba. Hannuna lafiya yake."

Na ce ai dattijon ya daɗe da yafewa. Ya ce, "Ya yafe wa yaro. Ni ban taɓa roƙonsa ba, don ban san ina da abin roƙo ba."

Ya matsa a mayar da shi gida. Ranar Litinin da la'asar ya aika aka ɗauko abokinsa a babur. Suka daɗe a ɗaki, matar Kawu na shiga tana fita da ruwa, amma da Gbagyi suke magana, yaren da Kawu ya koya a bakin rami, ba wanda ke ji a gidan. Ta ce dai ta ga tsofaffin biyu riƙe da hannun juna. Washegari da hantsi ya cika.

To na dawo kan safiyar. An gama wanka, ana ɗinkin likkafani, liman ya ce masu gina kabari su yi gaba. Maza biyar suka miƙe da diga da shebur. Taubashina ya miƙe tare da su, ya yi taku biyu, ya tsaya. Ina soro ina kallo ta bayan labule, na ga abin da ya tuna. Kabari ya wuce gwiwa. Ya koma ya jingina da bango, ni kuma na toshe bakina da mayafi.

Sai dattijon ya taso daga kan dutsensa. Ya shiga zaure ba sallama, kamar wanda aka gaya wa wuri, ya sa hannu bayan ƙyaure ya jawo dagin Kawu, wanda ƙotarsa ta yi santsi don riƙo. Da ƙyar ya ɗauko shi, ƙarfen na kaɗawa a hannunsa. Ya tsaya gaban taubashina. Ya buɗe baki, kalma ta ɓace masa. Ba wanda ya taya shi. Ya rufe ido, ya sake gwadawa.

"Babanka ya roƙe ni jiya. Na ce na yafe masa. Ya ce to ni zan faɗa maka, ni ke da bakin faɗa." Ya numfasa. "Ya ce ya janye. Ya ce ka je Tabanni, da fitila da na'urar Uwarsa, taubashiyarka, duka biyu, kuma ka riƙa faɗin dalili da ƙarfi kowa ya ji. Amma ya ce ka fara da nasa."

Mata ba ma zuwa maƙabarta, sauran a bakin mijin ƙanwata na ji. Ya ce taubashina shi kaɗai ya gina, duk wanda ya miƙa hannu ya karɓe shi sai ya girgiza kai. Ƙasar wurin tauri gare ta, amma gefen ramin ya fito sumul kamar an yi da ma'auni. Da ramin ya kai gwiwarsa sai ya daina. Ya tsaya a ciki, dagi a hannu, ya ɗaga kai yana neman wani a cikin taron. Dattijon na tsaye can gefe ƙarƙashin wata bishiyar marke. Ya gyaɗa masa kai. Sannan ya ci gaba da gini.

Ya Allah, wannan ne raminsa na ƙarshe, kuma ɗansa ne ya gina masa. Ka yalwata masa shi.